MUDUN AUNA SAURIN SAƘO: LISSAFIN DA MAI SAYEN INTANET A KEFFI YA KAMATA YA SANI

Duk matar da ta saba cefane a kasuwar Keffi ba ta biyan kuɗin masara ko dawa sai ta ga mudun da za a auna mata da shi. Takan ɗauke shi ta juya, ta duba gindinsa ko an bubbuge shi ya shige ciki, sa'an nan ta tsaya a cika shi a kan idonta. In kuwa ɗan kasuwa ya zo daga Kano yana ciniki da tiya, ba a ƙulla magana sai an daidaita ko mudu nawa ne ke cikin tiyarsa. Wannan tsohuwar al'ada ce, kuma babu mai ganin laifin wanda ya bi ta.

To, amma akwai wata haja da mutanen garin ke saye kullum ba tare da sun nemi ganin mudu ba, watau saurin intanet. Ɗalibin Jami'ar Jihar Nasarawa da ke neman littafi, da mai shagon buga takardu da ke yi wa yara rajistar jarrabawa, da akawun ofis da aka ba shi takardar kwangilar haɗa waya ya duba, dukkansu suna biyan kuɗi a kan waɗansu lambobi da ba kowa ya san ma'anarsu ba. Sai a gaya wa mutum layinsa yana gudun 20, shi kuwa ya ga wayarsa tana nuna 2.5 sa'ad da yake sauke littafi, ya tashi yana cewa an cuce shi, alhali kuwa an cika masa mudunsa daidai. Wani kuma an tauye masa da gaske, amma bai sani ba, sabo da haka bai yi magana ba. Rashin sani, in ji masu iya magana, ya fi dare duhu.

Dattawan ƙasan nan sun taɓa shiga irin wannan hali. A ranar 1 ga watan Janairu na 1973 aka bar fam da sule aka koma naira da kwabo, aka ce fam ɗaya naira biyu ne, sule ɗaya kuma kwabo goma. A cikin waɗancan shekaru ne kuma mil ya ba kilomita wuri, yadi ya ba mita wuri. Wanda ya riƙe lissafin canji ya tsira da kuɗinsa, wanda bai riƙe ba ya sha a hannun 'yan wayo. Ma'aunin saurin saƙo shi ma yana da tsohon kuɗi da sabon kuɗi, kuma har yau tsohon bai gama fita daga kasuwa ba.

DAGA ZANGO ZUWA WAYA

Garin Keffi, wanda Abdu Zanga ya kafa wajen shekarar 1800, yana bisa tsohuwar hanyar fatake da ta haɗa ƙasar Hausa da kogin Binuwai. A wancan zamani da zango ake auna saurin saƙo: kwana nawa manzo zai yi a kan doki, kwana nawa ɗan ƙasa zai yi. A watan Oktoba na 1902, sa'ad da Magaji Ɗan Yamusa ya kashe Kyaftin Moloney a Keffi ya nufi Kano, labarin bai wuce saurin doki ba a tsakanin sarakunan ƙasa. Turawa kuwa suna da abin da ya fi doki, domin tun 1886 wayar ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da London, kuma kafin Lugga ya kafa mulkinsa a 1900 an riga an ja wayar tangaraho zuwa Jebba da Lokoja. Saƙon da jirgin ruwa ke kaiwa cikin makonni, waya tana kai shi cikin sa'o'i.

Bayan tangaraho sai tarho, amma yaɗuwarsa ta yi nawa ƙwarai. Lokacin da Nijeriya ta sami mulkin kai a 1960, layukan tarho 18,724 ne kawai a duk faɗin ƙasa. A 1985 aka haɗa sashen tarho na Ma'aikatar Gidan Waya da kamfanin da ke kula da sadarwa da ƙasashen waje, aka haifi NITEL. Duk da haka, har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agusta na wannan shekara ne kamfanonin Econet da MTN suka fara aikin wayar salula, al'amura suka juya. Keffi ma ta sake kama a daidai wannan tsakani, domin an ƙirƙiro Jihar Nasarawa a 1996, jami'ar jiha ta buɗe ƙofofinta a garin a farkon shekarun 2000, ga kuma Abuja da ke nesa da kamar kilomita 50 tana ta tunkuɗo jama'a ta Mararaba da Masaka.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zamuna ya zo da nasa ma'auni. Tangaraho ya bar kalmar "bod", tarho ya bar E1 da T1, kwamfuta kuma ta zo da bit da bayit. Domin a fahimci tsofaffin, sai a fara da sababbin.

BIT DA BAYIT

Bit shi ne ƙwayar saƙo mafi ƙanƙanta. Amsa ce guda ga tambayar da ba ta da amsa sai i ko a'a, kamar ƙwan lantarki da ke kunne ko kashe, kuma ana rubuta shi da 1 ko 0. Wani masanin lissafi na Amurka, Claude Shannon, shi ya fito da kalmar fili a cikin wata maƙala da ya buga a 1948. Bayit kuwa tarin bit takwas ne, kuma shi ne gwargwadon wurin da harafi ɗaya na boko ke ci. Sunan Keffi haruffa biyar ne, watau bayit biyar, ko kuma bit 40. Haruffan Hausa masu lanƙwasa, irin su ƙ da ɗ da ɓ, kowannensu bayit biyu yake ci a tsarin rubutun da intanet ta fi amfani da shi, sabo da haka kalmar "ƙofa" bayit biyar ce ko da yake haruffanta huɗu ne.

Tushen rikicin shi ne, masu waya da masu kwamfuta ba su taɓa zama sun daidaita mudu ba. Masu waya suna ƙidaya abin da ke wucewa ta cikin layi ɗaya bayan ɗaya, sabo da haka da bit suke awo: kilobit, watau bit dubu, da megabit, watau bit miliyan, a cikin kowane sakan. Masu kwamfuta kuwa suna ƙidaya abin da aka ajiye, sabo da haka da bayit suke awo: kilobayit, da megabayit, da gigabayit. A rubuce, harafi ɗaya ne kawai ya raba su. Ƙaramin b na bit ne, babban B na bayit ne. In an rubuta Mbps, megabit ake nufi a kowane sakan. In an rubuta MB/s, megabayit ake nufi.

Ƙa'idar canji guda ce: a raba bit gida takwas, sai a sami bayit. Layin da ke gudun megabit 20 zai sauke megabayit 2.5 a sakan. Ɗalibin nan da ya ga 2.5 a fuskar wayarsa ba a tauye masa kome ba. Kamfani ya yi masa magana da bit, wayarsa kuma ta ba shi amsa da bayit.

BOD DA ZAMANIN TELEKS

Kalmar bod ta samo asali ne daga sunan wani injiniyan tangaraho Bafaranshe, Emile Baudot, wanda a cikin shekarun 1870 ya tsara hanyar aika kowane harafi da alamomi biyar. Daga wannan tsari ne aka sami na'urar teleks, wadda bankuna da manyan kamfanoni da gidajen jaridu na ƙasan nan suka dogara da ita har cikin shekarun 1980. Teleks tana gudun bod 50, watau alamar da ke kan waya tana iya sauyawa sau 50 a sakan. Kowane harafi yana cin alamomi bakwai da rabi: biyar na harafin kansa, ɗaya ta shelar farawa, ɗaya da rabi ta tsayawa. In aka raba 50 da bakwai da rabi, sai a ga haruffa shida da ɗan ɗori ne ke wucewa a sakan, watau haruffa 400 a minti. A zamaninta wannan abin mamaki ne, domin ya fi saurin hannun yawancin masu buga tafireta.

Mutane da yawa sun ɗauka bod da bit abu ɗaya ne, amma ba haka ba ne. A kwatanta da tashar motar Abuja da ke Keffi. Bod shi ne yawan ababen hawan da ke fita daga tasha, bit kuwa shi ne yawan fasinjojin da suka fita. In babura ne ke fita, kowanne da mutum ɗaya, to, yawan babura shi ne yawan fasinjoji. In kuwa tasi ce mai ɗaukar mutum huɗu, sai a ninka. Haka injiniyoyi suka yi da na'urar modem, wadda ke tura saƙon kwamfuta ta layin tarho. Ta farko da ta yaɗu a Amurka a 1962 tana gudun bod 300, kowace alama da bit ɗaya, watau bit 300 a sakan. Wadda aka tsara a 1984 tana gudun bod 2,400, amma kowace alama tana ɗauke da bit huɗu na saƙo, sai aka sami bit 9,600 a sakan. Sabo da haka duk wanda ya ga bod a tsohuwar takarda, bai isa ya juya shi zuwa bit ba sai ya san bit nawa kowace alama ke ɗauka.

Ƙarshen wannan tsere shi ne modem mai kilobit 56, wadda aka amince da ƙa'idarta a 1998. Waɗanda suka shiga shagunan intanet na farko a biranen ƙasan nan ba za su manta da kukan da take yi kafin ta haɗu ba. In an raba 56 gida takwas, kilobayit bakwai ke nan a sakan, kuma sai layi mai lafiya ƙwarai ke kusantar haka. Littafi mai nauyin megabayit biyar sai ya ci minti goma sha biyu kafin ya sauka.

INDA E1 TA SAMO ASALI

Ma'aunin da ya fi daɗewa a takardun ofisoshi shi ne E1, kuma asalinsa muryar ɗan Adam ce. Murya girgizar iska ce. Injiniyoyin tarho sun gano cewa in aka kiyaye girgizar da ke tsakanin 300 da 3,400 a sakan, ana jin magana sarai har a gane mai yin ta, sai suka ware wa kowane kira fili mai faɗin 4,000. Wani masani mai suna Harry Nyquist ya nuna a 1928 cewa in ana so a kama girgiza ba tare da ta ɓace ba, dole a auna ta ninki biyu na saurinta. Ninki biyu na 4,000 shi ne 8,000. Wani Baturen Ingila kuma, Alec Reeves, ya ƙago hanyar mai da waɗannan awo su zama lambobi a ƙarshen shekarun 1930. To, in aka auna murya sau 8,000 a sakan, aka rubuta kowane awo da bit takwas, sai a sami bit 64,000. Wannan shi ne kilobit 64, watau layin murya ɗaya, kuma shi ne tubalin da aka gina duk sauran ma'aunai a kansa.

Amurkawa suka fara ɗaure waɗannan layuka dami-dami. A 1962 kamfanin Bell ya haɗa layukan murya 24 a kan hanya ɗaya ya kira ta T1. In aka ninka 24 da 64 za a sami 1,536, aka ƙara kilobit takwas na daidaita tafiya, ya zama kilobit 1,544, ko megabit 1.544. Ƙasashen Turai suka zo daga baya suka ɗaura nasu damin da gurbi 32, suka kira shi E1. In aka ninka 32 da 64 za a sami kilobit 2,048, ko megabit 2.048. A cikin gurabun nan 32, talatin ne ke ɗaukar magana, ɗaya na daidaita tafiya, ɗaya kuma na sanar da lambar da aka buga da ƙarar kira.

Nijeriya tsarin Turai ta bi, kamar sauran ƙasashen Afirka. Da E1 aka haɗa manyan ɗakunan tarho na NITEL bayan an sabunta su, kuma da ita kamfanonin salula suka haɗa dogayen ƙarafunansu a shekarun farko, ta hanyar farantan nan masu kama da ganga da ake gani a maƙale a jikinsu. Bankuna kan yi hayar yanki daga cikinta, kilobit 64 ko 128 ko 256, domin haɗa reshe da hedkwata. Shi ya sa har yanzu akan ci karo da sunanta a tsofaffin kwangiloli da bakin tsofaffin injiniyoyi.

A nan akwai tarko. Littattafai da yawa na wannan fanni a Amurka aka rubuta su, kuma T1 suke ambata. Ɗalibi ko akawun da ya ɗauki lissafin T1 ya ɗora a kan E1 ya yi kuskuren kilobit 504, domin E1 ta fi T1 da kusan kashi ɗaya cikin uku. Tiya daban, mudu daban. In an raba gida takwas, T1 tana kai kilobayit 193 a sakan, E1 kuwa 256.

Daga E1 sai manyan dammuna. E1 huɗu su ne E2, mai megabit 8.448. E1 goma sha shida su ne E3, mai megabit 34.368, wadda ke ɗaukar kira 480 a lokaci guda. Da wayar zaren gilashi ta zo, mai aika saƙo da haske, sai aka fito da STM-1, mai megabit 155.52, wadda ke iya haɗiye E1 har 63. Da wannan ma'auni na STM-1 aka riƙa sayar da fili a kan wayoyin ƙarƙashin teku da suka sauka Legas, tun daga SAT-3 da ta fara aiki a 2002 har zuwa MainOne da Glo-1 da suka zo a 2010.

Ga yadda tsofaffin ma'aunan suke in an juya su, tare da lokacin da gigabayit ɗaya zai ci kafin ya wuce, in babu abin da ya tare hanya:

Teleks, bod 50: haruffa kusan 7 a sakan, shekara 4 da wata 9.

Modem, kilobit 56: kilobayit 7 a sakan, awa 40.

Layin murya ɗaya, kilobit 64: kilobayit 8 a sakan, awa 35.

T1, megabit 1.544: kilobayit 193 a sakan; minti 86.

E1, megabit 2.048: kilobayit 256 a sakan, minti 65.

E3, megabit 34.368: megabayit 4.3 a sakan. Kusan minti 4.

STM-1, megabit 155.52: megabayit 19.44 a sakan, sakan 51.

DUBU BIYU DA BA SU DAIDAITA BA

Akwai kuma wani saɓani da ke ɓoye a cikin kalmar "kilo". A wurin masu waya kilo dubu ne cif, kamar kilon nama. A wurin masu kwamfuta kuwa, sabo da na'urarsu da biyu-biyu take ninka lissafi, sun daɗe suna kiran 1,024 da sunan kilo. Bambancin ƙarami ne a farko, amma yana girma, domin kafin a kai gigabayit ya zama kashi bakwai cikin ɗari. Wannan ne dalilin da ya sa mutum zai sayi ma'ajiyar aljihu da aka rubuta 64 a jikinta, ya soka a kwamfuta ta nuna masa 59.6. Ba a sace kome ba, ƙidayar ce iri biyu. A 1998 hukumar duniya mai tsara ƙa'idojin lantarki ta ba ƙidayar 1,024 sunaye na daban domin a huta, amma har yau ba duk na'urori ke bin wannan ba.

Lambar E1 ma takan yaudari waɗansu, domin 2,048 ninki biyu ne na 1,024, sai su zaci ƙidayar kwamfuta ce. A'a, bit 2,048,000 ne daidai, watau 32 sau 64,000. Sabo da haka na'urar da ke ƙidaya da 1,024 za ta nuna cikakken gudun E1 a matsayin 250, wata kuma ta nuna 256, alhali layin ɗaya ne.

NAUYIN BUHU DA CUNKOSON HANYA

Lambobin da aka jera a sama duk nauyin kaya ne tare da buhu. Mai lura zai ga E1 huɗu 8.192 suke bayarwa, amma E2 8.448 ce, kuma E1 63 kimanin 129 ne kawai, amma STM-1 ta haura 155. Abin da ya hau kai na ɗinki ne da lakabi, watau alamomin da ke tsare saƙo kada ya cakuɗe a hanya. Ita kanta E1, in an cire gurbin daidaita tafiya, kilobit 1,984 ke saura, in kuma an cire gurabu biyu, 1,920 ke saura, watau kilobayit 240 a sakan. Bugu da ƙari, intanet tana yanka saƙo ƙulli-ƙulli, kowane ƙulli da adireshinsa, shi ma yana cin wuri. Shi ya sa ma'aikatan wannan fanni kan raba gida goma maimakon takwas in suna lissafin ka. Wanda ya sayi megabit 20 ya ga megabayit biyu ko biyu da 'yan kai a sakan, an yi masa adalci. In kuwa kullum rabin megabayit yake gani, to, da magana.

Sai batun tarayya, wanda shi ya fi kome cin mutane. A ɗauka wata makaranta ta haɗa ɗakin karatu mai kwamfuta ɗari da E1 guda. In duk suka hau a lokaci ɗaya, kowace kwamfuta kilobit 20 za ta samu, wanda bai kai rabin tsohuwar modem ba. A ɗauka kuma wani asibiti yana son tura hoton cikin jikin majiyyaci mai nauyin megabayit 200 zuwa ga likita a Abuja ko Jos. A layin kilobit 64 sai ya ci kusan awa bakwai, a E1 minti goma sha uku, a layin megabit 25 kuwa minti ɗaya da sakan huɗu. Ga wanda ke kwance yana jiran a san ciwonsa, wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Duk da haka ba za a rena tsohuwar E1 ba, domin da tsohuwar zuma ake magani. Wanda ya yi hayarta shi kaɗai ne a kanta dare da rana, kuma gudunta na zuwa daidai yake da na dawowa. Saurin da ake tallatawa na wayar salula kuwa na tarayya ne. Duk waɗanda ke ƙarƙashin ƙarfe ɗaya daga kwano ɗaya suke ci, shi ya sa talla kan ce "har zuwa" kaza. Da sassafe mutum na iya samun abin da ya ninka E1 sau goma, amma da daddare, a unguwannin da ɗalibai suka cika, sai ya koma tafiyar hawainiya. Har ila yau, gudun aikawa ya kan gaza na saukewa nesa, abin da ke damun mai shagon da aikinsa tura hotuna da takardun rajista ne.

ABIN DA YA SHAFI ALJIHU

A watan Maris na 2020 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa intanet mai sauri na shekarun 2020 zuwa 2025. Shirin ya sa burin a sami aƙalla megabit 25 a birane da megabit 10 a karkara, a kai ga kashi 90 cikin ɗari na jama'a, kuma kada gigabayit ɗaya ya wuce naira 390. In an juya, megabit 25 daidai yake da E1 goma sha biyu da 'yan kai, watau abin da aka so ya shiga hannun mutum ɗaya ya fi abin da kira 360 ke ci a tsohon tsari. Sai dai kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data da abin da bai wuce kashi 50 cikin ɗari ba. Tun da haja ta yi tsada, sanin mudu ya ƙara zama wajibi.

Ya kamata kuma a raba tsakanin sauri da yawa. Megabit a sakan faɗin bakin famfo ne, gigabayit kuwa girman randa ne. A layin megabit 25, in an buɗe shi gaba ɗaya, gigabayit ɗaya yana ƙarewa cikin minti biyar da sakan ashirin. A megabit 10 kuwa minti goma sha uku da sakan ashirin. Littafi ɗaya data ɗaya yake ci, ko layi na gudu ko yana rarrafe. Amma bidiyo ba haka yake ba, domin da ya ga hanya ta buɗe sai ya zaɓi hoto mafi tsabta da kansa, mafi tsabta kuwa ya fi nauyi. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mutane ke kukan data tana ƙarewa da wuri bayan sun sayi sabuwar waya.

Sabo da haka duk mai shirin biyan kuɗin layi, ko shugaban makaranta ne, ko ma'ajin ƙaramar hukuma, ko mai shago a bakin ƙofar jami'a, akwai tambayoyi uku da ya kamata ya yi kafin ya sa hannu. Ta farko, lambar nan ta ƙaramin b ce ko ta babban B? Ta biyu, layin nasa ne shi kaɗai, ko kuwa na tarayya ne, in na tarayya ne da mutum nawa? Ta uku, gudun aikawa nawa ne, na saukewa nawa ne? In a takarda aka rubuta E1 ko STM-1, sai ya nemi a rubuta daidansa da megabit a gefe. Bayan an haɗa layi kuma ya gwada shi da safe da rana da dare, ya rubuta abin da ya gani. In ya tabbata an tauye masa, ya fara kai kuka ga kamfanin, in bai sami biyan bukata ba ya buga 622, lambar da NCC ta ware kyauta domin koke-koken jama'a.

Hukuma ita ma da nata aikin. Gwamnatin Tarayya tana da sashen awo da ma'auni da ke bin gidajen mai yana duba ko lita ta cika lita. Lalle ya dace a tilasta wa masu sayar da intanet su riƙa bayyana saurin layinsu da bit da kuma bayit, su faɗi mafi ƙarancin abin da mai saye zai samu a lokacin cunkoso, kuma su faɗe shi da Hausa da sauran harsunan ƙasa, ba da Turanci kaɗai ba. Malaman lissafi a makarantun sakandare, tun daga tsohuwar Kwalejin Gwamnati ta Keffi har zuwa na ƙauyuka, su ma suna iya sa wannan canji cikin darasin rabawa da ninkawa, kamar yadda na da suka koyar da canjin fam zuwa naira. Yaron da ya iya raba lamba gida takwas ya isa ya duba wa mahaifinsa takardar kwangila kafin ya biya.